Jinjina ga Anti Tukuna, Mai Duba Awowinmu

Bakwai saura kwata take shigowa. Daga nesa take gaida mai gadi saboda karensa, duk da cewa karen ya tsufa har haushi ma wahala yake ba shi. Ta hau bene da ƙafa don ba ta taɓa yarda da lif ba, ta kunna kwamfuta, ta goge gilashinta da gefen mayafi, sannan ta buɗe manhajar awowi. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana wannan aiki a kamfanin ajiye kayan sanyi, sha takwas da kati da biro, tara da kwamfuta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

Aikin nata ba wani abin burgewa ba ne a ido. Duk ma'aikacin da ya zo yakan danna lambarsa a allon da ke bakin ƙofa, manhaja ta rubuta lokacin shigarsa da ɗakin da zai yi aiki, da ɗan gurbi na ƙarin bayani ga wanda yake so. In zai tashi ya sake dannawa. Ƙarshen mako kowa ya tura takardar awowinsa, ita kuma ta duba, ta danna koren maɓallin amincewa. A sauran rassan kamfanin akwai masu danna maɓallin da ke amincewa da kowa a lokaci ɗaya, su kashe kwamfuta su kama gabansu. Ita wannan maɓallin ko kallonsa ba ta so. Ɗaya bayan ɗaya take bi, da yatsa a jikin gilashin kwamfuta, leɓenta na motsi.

"Anti, kin amince da tawa?"

"Tukuna."

"Haba Anti, tun jiya fa na tura."

"Na gani. Tukuna dai."

Daga nan sunan ya bi ta, har sababbin ma'aikata suna zaton sunanta na yanka ne.

Gaskiya dai, Anti matsoraciya ce, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Tana tsoron tsawa, tana tsoron allura, wayar ofis in ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka. Amma babban tsoronta shi ne ta amince da abin da ba haka yake ba. Wannan tsoron ne ya sa ta san ma'aikata ta awowinsu fiye da yadda ta san su ta fuska. Ta san wanda ke kai yara makaranta kafin ya zo, ta san wanda ke sulalewa da wuri ranar Alhamis, ta san mai cika gurbin bayani da mai barinsa fayau.

Ta kuma san wani abu da ake ɓoye wa ofis. Ma'aikatan ɗakunan sanyi suna da abin da suke kira riƙon lamba. In uzuri ya taso wa mutum, sai ya ba abokinsa da ke hutu lambarsa, abokin ya danna ya shiga da sunansa, ya riƙe masa aikin har ya iso. Dokar kamfani kuwa a fili take: wanda ya riƙe da wanda aka riƙe wa duk kora ce, haka ma mai amincewar da ya sani ya yi shiru. Anti ta kasa kai ƙara don tana tsoron raba mutum da abincin 'ya'yansa, ta kuma kasa amincewa da ƙarya. Sai ta riƙa mayar wa mutum da takardarsa a asirce, ta kira shi gefe ta ce, "Je ka gyara, wannan ba kai ba ne." Shekaru ta yi a haka.

Wata Talata da safe tana duba shigar ranar, sai yatsanta ya tsaya a kan sunan wani matashi da ake kira Sarkin Latti. Manhaja ta ce ya shigo shida da minti talatin da ɗaya. Wannan bawan Allah tunda aka ɗauke shi bai taɓa ganin ƙofar kamfani kafin bakwai da kwata ba. A gurbin bayani kuma an rubuta, "Ɗaki na huɗu, kankare ƙanƙara." Sarkin Latti ko ɗigo bai taɓa sa wa a wannan gurbi ba. Mutum ɗaya ne ke zuwa da wuri haka yana kuma rubuta abin da zai yi: Dogo, mijin yayarsa, wanda ranar hutunsa ce. Anti ta yi tsaki a hankali, ta ce a ranta za ta kira su gefe da rana.

Goma da 'yan mintuna jiniya ta ɗauka. Bututun iskar da ke sanyaya ɗakunan ne ya fashe a dogon lungun da ke tsakiyarsu. Iska ce mai yaji, in ta shiga ido ta rufe shi, in ta yi yawa a ƙirji ta kashe. Kafin Anti ta sauko bene warin ya riga ta, idanunta na ruwa. Aka taru a filin ajiye motoci kamar yadda aka sha koya musu. Foman ya ɗauko ƙaramin allonsa, ya buɗe jerin waɗanda manhaja ta ce suna ciki, ya shiga kiran suna. Ashirin da uku ne a jeri, ashirin da uku suka amsa.

"An cika, yallabai," in ji Foman.

Manaja ya juya ga Injiniya. "Kashe wuta, a rufe manyan ƙofofi. Kada wanda ya ƙara shiga sai 'yan kwana-kwana sun zo."

Anti na tsaye a gefe tare da 'yan ofis, sai idonta ya faɗa kan Sarkin Latti. Ya amsa sunansa kam, amma kowa na sanye da rigar sanyi da dogon takalmin roba, shi kuwa da takalmin yawo yake, hular babur a hannu. Shigowarsa ke nan jiniya ta tashi. Ta ɗaga kai ta bi kawunan mutane da kallo. Dogo ba mutumin da ke ɓacewa a taro ba ne, duk inda ya tsaya kansa a sama yake. Ba ta gan shi ba.

Ta ratsa mutane ta kama hannun rigar Sarkin Latti. "Ina yayanka?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Anti, don Allah ki rufa mini asiri. Asibiti na kai yarinyata."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ina Dogo?"

"Ina jin ta ƙofar baya ya fita. Ai ba zai tsaya a gan shi ba."

"Ka gan shi da idonka?"

Ya sunkuyar da kai. Kiran waya ma ba zai yi amfani ba, don masu shiga ɗakin sanyi a akwatin kaya suke barin wayoyinsu.

A nan ne kowa ya kamata ya tsaya ya sa kansa a matsayinta. Ba ta da tabbas. Wataƙila Dogo ya fice, yana can hanyar gida. In ta buɗe baki alhali babu kowa a ciki, ta sa an kori mutum biyu, ta kori kanta, ta kuma jefa wasu cikin guba a banza. In ta yi shiru kuma yana ciki, to ɗaki na huɗu shi ne na can ƙurya, ƙofarsa mai kauri ce, fankokinsa ba sa bari a ji jiniya, ga hular da ke rufe kunne. Za a kashe wuta a rufe shi cikin duhu, babu mai nemansa, tunda a lissafin manhaja yana gida yana hutawa. Tana tsaye tana kallon bayan Injiniya yana nufar ɗakin wuta.

"Yallabai." Muryar ta fito siririya, babu wanda ya ji. Ta sake, wannan karon da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. "Yallabai! Akwai mutum a ciki!"

Kowa ya juyo. Manaja ya nuna allon Foman. "Malama, jeri ya cika. Ga shi nan."

"Allon nan lamba ya sani, yallabai, bai san fuska ba. Dogo ne ya shiga da lambar wannan. Yana ɗaki na huɗu."

"Kin gan shi?"

"Ban gan shi ba. Rubutunsa na gani."

"Rubutu? Malama, kin san abin da kike so in yi? In tura mutane cikin iskar nan saboda rubutu?" Ya matso, ya rage murya. "Kuma tun yaushe kika san ana wannan abu?"

Jikinta na ɓari har mayafinta na zamewa. "Tun shekaru, yallabai. Ku hukunta ni daga baya. Yanzu dai a ɗauko shi."

Sai ga Sarkin Latti ya zube a kan gwiwoyinsa yana kuka. "Gaskiya ta faɗa, yallabai. Yaya ne, ni na roƙe shi. Ban ga fitarsa ba."

Manaja ya ƙwala wa Injiniya kira ya dakata. Injiniyan da Foman suka ɗaura tukwanen numfashi a baya, suka rufe fuska, suka kutsa. Waɗanda suka duba agogo sun ce minti shida aka yi. Anti ta ce ita ba ta san lissafinsu ba, ta dai san ta ƙura wa ƙofar nan ido tana addu'a, wani sashe na zuciyarta na roƙon kada a same shi a ciki, wani na tsoron a same shi a makare. Da ƙofa ta buɗe, ƙafafu ta fara gani, dogaye, suna jan ƙasa. A bakin ɗaki na huɗu suka tsince shi. Sai da idanunsa suka fara yaji ya buɗe ƙofa, ya fito tsakiyar iskar, ya yi taku kaɗan ya faɗi. Aka shimfiɗa shi a fili ana zuba masa ruwa a fuska, ba ya motsi. Can sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi wani irin tari mai ƙarfi. Anti ta zauna daɓas a ƙasa, a wurin, cikin kayan ofis. 'Yan kwana-kwana ba su iso ba sai bayan minti ashirin da biyar.

Ba a ba ta lambar yabo ba. Takardar gargaɗi aka ba ta, ita ce kaɗai a fayil ɗinta cikin shekara ashirin da bakwai, ta kuma sa hannu ba ta yi musu ba, don ta ce shirun da ta daɗe tana yi laifi ne. An dakatar da Sarkin Latti wata uku. Daga baya aka buɗe wa ma'aikata hanyar musayar aiki a cikin manhajar, kowa ya shiga da lambarsa. Dogo ya yi mako biyar a asibiti, ya dawo, aka mayar da shi sito inda babu sanyi.

Ke ce, Anti, wadda aka yi ta yi wa dariya saboda jan ƙafa. Ke ce kika karanta awowin mutane har kika gane hannun mutum a layi guda. Uwar ma'aikata, mai gani kafin ta danna. Ba wai tsoro ya sake ki ba ne a ranar nan, kowa ya ga yadda jikinki ke rawa kamar mai zazzaɓi, amma kika yi maganar a haka. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yanki su ji ƙanki kamar yadda kika ji ƙan na wasu.

Ku kuma da ke zaune gaban kwamfuta a ofisoshi, da takardun awowin mutane jere a gabanku suna jiran amincewa, ku yi koyi da ita. Ku buɗe kowace ɗaya ku karanta. In abu ya yi muku wani iri ku tashi ku tambaya, kuma kada ku bari sai da rana.

Har yau Dogo na tari, likitoci sun ce da wuya ya rabu da shi. Tari ne mai tsawo, mai damun na kusa. Makon jiya matarsa ta zo ofis yi wa Anti sallama, Anti ta riƙe hannunta tana ba ta haƙuri, wai da ta yi magana tun safe da huhunsa bai taɓu ba. Matar ta girgiza kai, hawaye na zubo mata.

"Anti, ki daina ba ni haƙuri. Ina kicin nake jiyo tarin nan daga ɗaki, yara su ce Baba ya dame su. Ni kuwa in ya yi shiru ne nake ajiye abin da ke hannuna in je in leƙa."