Malam Yusha'u da Darasin da Na Hana Zulaihatu

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin aji shida ina koyarwa, shugabar makarantarmu ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta saba zuwa aji da kanta ba, aike take yi. Na ajiye alli na fito, ta sassauta murya ta ce, "Malam Kabiru, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Malam Yusha'u rasuwa bayan sallar asuba. Ƙarfe biyu za a yi jana'iza a Badarawa." Na yi salati, na dafa bango. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: kafin baƙin ciki ya iso zuciyata, tsoro ya riga shi. Na waiwaya cikin ajin, idona ya sauka a kan wata yarinya a layi na biyu, Zulaihatu, tana ta kwafar abin da na rubuta a allo. Ba ta san mutumin da ya yi alkawarin gyara mata karatunta ya tafi ba.

Malam Yusha'u shi ne malamin ba da shawara a makarantarmu, sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo. Na tarar da shi a nan, kuma da yawa daga cikin malamanmu ta hannunsa suka bi suna ɗalibai. Ofishinsa ɗan ɗaki ne kusa da sito, tebur ɗaya, kujera biyu, sai akwatin katako cike da katuna. Kowane ɗalibi da ya shiga aji huɗu yana da katinsa a ciki, ɗauke da darussan da zai yi har ya rubuta jarrabawar fita.

Yadda yake cika katin nan shi ne abin da ya bambanta shi da kowa. Ba ya fara tambayar yaro darasin da yake so. Tambayarsa ita ce, "Me kake so ka zama?" Idan yaro ya faɗa, sai ya buɗe littafin sharuɗɗan shiga jami'a, wanda yake neman sabo kowace shekara, ya nuna masa da yatsa darussan da ake bukata, sannan ya riƙa dawowa baya, aji shida, aji biyar, har zuwa ranar da suke zaune. Da fensir yake rubutawa, domin a cewarsa ɗan shekara goma sha huɗu yana da damar ya sake ra'ayi. Yakan ce mana, "Karatun shekara uku ne, amma a mako ɗaya ake ɓata shi." Makon farko na aji huɗu yake nufi, lokacin da yara ke zaɓen darussa, wani don abokinsa, wani don gudun malami mai bulala.

Kuma ba ya rufe kati sai uba ya sa hannu. Yawancin ɗalibanmu 'ya'yan direbobi ne da leburori da masu talla, mutanen Kano da Katsina da Zamfara da ke zaune a Rafin Guza, waɗanda fita ɗaya suke yi da sassafe sai yamma. Idan uba bai zo ba, Malam kan hau tsohon babur ɗinsa ya bi shi har tashar Kawo ko wajen lodin yashi, ya zauna a benci ya jira shi. Na taɓa ce masa wahalar nan ta yi yawa. Ya ce, "'Ya'yan manyan ma'aikata na unguwar Doka suna da masu duba musu a gida. Waɗannan kuwa, in muka yi kuskure babu mai ganowa sai sun isa ƙofar jami'a, a can kuma ba a gyara."

Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, saboda haka ba mu rabuwa da tsokanar juna. Ni malamin Hausa ne, ina kuma da kishin darasina fiye da kima, shi ya sa kullum ya gan ni sai ya ce, "Bakano, yaya kasuwa?" Ni kuma in ce da shi ai Zage-zagi sai dogon Turanci. Ban san wasan nan zai zama gaskiya a kaina ba.

Shekara biyu da suka wuce, ciwon da ya zama ajalinsa ya fara kwantar da shi, daidai makon zaɓen darussa. Zango guda ya yi ba ya zuwa, aka miƙa mini katunan ɓangaren adabi. A jadawalinmu, Hausa da Adabin Turanci lokaci ɗaya ake yin su, ɗalibi ɗaya zai ɗauka. Na tsaya gaban yaran nan na ce musu Hausa harshen da suka sha a nono ne, kiredit ɗinsu a aljihu yake, me zai kai su ga littattafan da ko malamansu sai da ƙamus suke karantawa. Suka yi dariya, suka cika mini aji har wasu suna zama a taga. Ban tambayi ko ɗaya abin da yake so ya zama ba. Na aika da katunan gida aka sa hannu, na ji daɗi a raina cewa na ɗaga darajar harshe.

Mako uku kafin rasuwarsa, ana tattara sunayen 'yan aji shida don rajistar jarrabawar fita, ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame, rigar ta yi masa yawa, kati ɗaya a gabansa. Ya ce in rufe ƙofa.

"Malam Kabiru, ka san Zulaihatu Garba?"

Da na ji ya kira sunana sosai, ba Bakano ba, na san akwai magana. Na ce na san ta, ita ce ta ɗaya a ajina.

"Na tambaye ta me take so ta zama. Ta ce lauya. Ta ce tun tana firamare take faɗa." Ya turo mini littafin sharuɗɗan nan a buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin. Karatun lauya sai da kiredit a Adabin Turanci. Yarinyar nan ba ta taɓa zama a ajin ba ko sau ɗaya, kuma ni na ja ta daga can.

Na jira faɗa, da ya yi da na fi samun sauƙi, amma bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Rabin laifin nawa ne. Da na dawo na ga sa hannun iyaye, sai na yarda ban sake dubawa ba. Ni da kai za a tambaya ranar gobe." Daga nan ya shiga tsara gyara. Sauran 'yan ajin duk ya zauna da su, abin da suke nema bai bukaci darasin ba, ita kaɗai ce abin ya shafa. Za a mayar da ita Adabin Turanci, ta rubuta duk gwaje-gwajen da suka wuce ta, shi da kansa zai riƙa zama da ita bayan an tashi har ta cinye littattafan shekara biyu a watannin da suka rage. Amma sai mahaifinta ya ji gaskiyar abin da ya faru, ya amince, kafin a rufe rajista. Mahaifin direban tifa ne, yana kan hanya, sai Asabar ta ƙarshen wata zai kwana a gida. Malam ya ce, "Tare za mu je. Ni zan fara magana, kai ka ƙarasa."

Kwana biyu ya rage mu je Allah Ya karɓi abinsa.

A maƙabarta na ga abin da ban taɓa gani ba. Ma'aikatan jinya da injiniyoyi da malaman jami'a suna rige-rigen ɗaukar makara da direbobi da masu tura baro, kowa yana cewa shi Malam ya cika wa kati, ko ya cika wa ɗansa. Ina tsaye a cikinsu ina kuka, rabin kukan na rashinsa ne, rabi na tsoron Asabar.

Ranar Asabar, bayan na fito daga zaman makoki, na nufi Rafin Guza ni kaɗai. Sau biyu ina wuce lungun gidan ina dawowa. Mahaifin Zulaihatu, Malam Garba, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya yi mini gaisuwar rashi, domin ya san Malam, a kan katin babban ɗansa suka taɓa zama a tasha. Na faɗa masa komai, ban ɓoye kaina a bayan jadawali ba.

"Mallam," ya ce, "ni ban yi boko ba. Takarda anka kawo mani, anka ce daga makaranta, ni sa hannu. Abin da kunka ce shi munka ɗauka."

Na ce haka ne.

"To yanzu tana iyawa? Cikin wattannin ga?"

Na ce yarinyar tana da ƙoƙari, malamar Adabin Turanci ta yarda za ta ɗauki zaman da marigayi ya yi niyya, ni ma zan zauna tare da su kullum. Amma ban yi masa alkawarin za ta ci ba, domin ba ni da wannan tabbacin. Ya sa aka kira Zulaihatu, ya tambaye ta. Ta ce, "Baba, zan gwada." Ya karɓi biro ya rubuta sunansa da ajami a gindin sabon katin.

Na tashi zan tafi, ya rako ni bakin ƙofa. Sai ya ce, "Ƙanwarta na shiga aji huɗu baɗi. Yanzu da Mallam ya kau, wa za a ba katunnan yara?"

Tun ranar Juma'a shugabar makaranta ta ba ni makullin ɗan ɗakin nan, ta ce marigayi ne ya ambaci sunana mako guda kafin ya rasu. Na so in yi shiru, amma na ce, "Ni ne."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To Mallam, ka ji tsoron Allah." Wallahi ina jin sa, ban taɓa jin sa kamar yanzu ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Yusha'u, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa duk yaron da ya shiryar ya zama nauyi a mizaninsa. Kada Ka kama shi da laifin da hannuna ya aikata. Ka ba Hajiya mai ɗakinsa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, Ka tsaya musu kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa in ya yi wa Malam addu'a ya haɗa da Zulaihatu. An yi mata rajista, saura wata bakwai ta shiga jarrabawa, yanzu tana kan littafi na biyu. Allah Ya buɗe mata, Ya kuma kyautata namu ƙarshen. Amin.