Motar Hamma Ba Ta Hau Allo Ba

Halliru ɗan garin Kanya Babba ne. Da gyaran waya ya fara, a wata rumfa a bakin kasuwar Babura, daga baya ya koyi rubuta manhaja da kansa, a kan tsohuwar kwamfutar da wani ya kawo gyara bai dawo ɗauka ba. Mutum ne mai son a ce ya iya, kuma yawanci ya iya ɗin.

A wata ƙaramar tasha kusa da rumfarsa, direbobin Kazaure kullum cikin rigimar layi suke. Halliru ya ce zai yi musu maganinta. Ya rataya talabijin a bango, ya haɗa ta da kwamfuta, ya rubuta manhaja da wani yaren kwamfuta mai suna QML. A wannan tsari, siffanta allo kawai kake yi, ka ɗaure shi da jerin sunaye. In jerin ya sauya, allon ya bi shi da kansa. Aka damƙa shigar da sunayen ga Baba Isaac, dattijon da ya taso daga kudancin Kaduna ya tsufa yana yanka tikiti a tashar.

Ranar kasuwa Hamma ya iso da bas ɗinsa tun da hantsi. Baba Isaac ya rubuta sunansa, ya danna. Allo bai motsa ba. Daudu, wanda ya zo bayansa, ya ga babu kowa a layi, ya loda fasinja ya tafi. Tasha ta kaure da hayaniya, aka kira Halliru.

Ya kashe manhajar ya kunna, sai ga sunan Hamma.

"Baba, ai ba ka danna da kyau ba ne," in ji shi, a gaban kowa. "Aikin nan ba na masu rawar hannu ba ne."

"Na danna, ɗana," Baba Isaac ya ce a hankali.

Shugaban tasha ya ɗauke Baba Isaac daga teburin, ya mayar da shi bakin ƙofa.

Washegari Halliru ya zauna a teburin da kansa. Ya rubuta suna, ya danna, allo bai motsa ba. Ya buɗe umarnin da ya rubuta yana bi layi-layi. Ashe yana cusa sabon suna a cikin jerin ne ta bayan fage, allon kuwa ba ya samun labari sai an sake miƙa masa jerin gaba ɗaya. Duk gwajin da ya yi a rumfa, kashewa yake ya kunna, shi ya sa bai taɓa lura ba. Layi ɗaya ya ƙara, abin ya gyaru.

Ya so ya yi shiru, har ya kai ƙofa. Can ya ga dattijon tsaye a rana yana ɗaga wa motoci igiya. Ya koma ya tara direbobin, ya durƙusa.

"Baba, laifina ne. Ka yafe mini."

"Na yafe. Tashi, kayanka za su yi datti."

An ce wa Baba Isaac ya koma teburin, ya ce ƙofa ta ishe shi. Sadiyya, 'yar shugaban tasha, ita ke shigar da sunaye yanzu. Halliru na koyar da matasa manhaja a rumfarsa, amma in aikin tashar ya taso, ta waya yake yi wa Sadiyya bayani, don kunyar wuce dattijon a ƙofa.