Bagobirin da ke Cikin Akwati

Yakuba ɗan Damagaram ne, ɗan wani dillalin fatu. Karatunsa na lakwal, wato makarantar boko, ya tsaya a aji shida, daga nan uban ya sa shi jan ƙiraga a rana. A shekarar 1966 ya ji ana neman matasa a Yamai, waɗanda za su tsare azuzuwan da ake koyarwa da telebijin. Ya hau motar gyaɗa ya zo. Aka horar da shi makonni kaɗan, aka tura shi Saga, bakin kogi, aka ce gwajin wata uku ne: in ajin bai kama ba, ya koma gida. Gida kuwa, a wurin Yakuba, warin fata ne.

Aikin ba wuya a faɗe. Da safe ya kunna akwati, wani malami mai suna Alu, da ake kira Mushe Alu yadda ake kiran malamai a Faransance, ya bayyana a ciki, yana ɗaga ƙwarya ko tulu, yana faɗin sunansa da Faransanci. Yara su kalli bakinsa su maimaita. In an kashe, Yakuba ya bi da su darasin.

Sai dai yaran Saga, ƴaƴan Zabarmawa manoman shinkafa, an hore su da kyau. Babba na magana, ido na ƙasa. Da Mushe Alu ya buɗe baki, kai arba'in su sunkuya. Ya ɗaga tulu, ba wanda ya ga tulun. Yakuba ya lallasa, ya yi tsawa, su ɗago kaɗan, da malamin ya dubo su sai su koma kallon yatsun ƙafarsu. Wata biyu suka wuce haka. Suna iya faɗin kalmomin kamar waƙa, amma ka nuna musu ƙwarya su ce maka tulu.

Wata safiya, wata tsohuwa, Zeinabu, ta biyo daga fadama da lauje a hannu, ta leƙo ta taga don ta ga abin da ake tsare mata jikoki a kai. Daidai lokacin fuskar malamin ta cika gilashin, zanen da ke kumatunsa ya fito sarai.

"Kai, Mushe," ta ce wa Yakuba da Hausarta ta kasuwa, "wa ya sa Bagobiri cikin akwati?"

"Inna, malami ne."

"Malamin wa? Bawanmu ne. Dubi fuska, kamar kaza ta yi tono. An ba shi abinci kuwa? Su ba su ƙoshi."

Ajin ya fashe da dariya. Yakuba ya buɗe baki zai tsawata, sai ya lura: duk idanu na kan gilashin. Tsakanin Zabarmawa da Gobirawa akwai wasa na tun kakanni, kuma abokin wasa ba a sunkuyar masa da kai, ko da furfura gare shi.

"Inna ta yi gaskiya," ya ce. "Ku tsare shi da ido. Kome ya ɗaga, ku riga shi faɗa, kada Bagobiri ya fi ku."

Daga ranar ajin ya zama kasuwa. Mushe Alu ya ɗaga tulu, su yi masa ihun sunansa kafin ya rufe baki, wasu har da ƙarin, "Ajiye, ba naka ba ne!"

Da mai duba makarantu ya zo ƙarshen wata na uku, ya tsaya bakin ƙofa yana yamutsa fuska. Ya sa aka kashe akwatin, ya ɗauko abubuwa ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Bai samu wanda ya kuskure ba sai biyu. Ya rubuta cewa ajin ba shi da ladabi, amma a bar Yakuba a kan aikinsa.

Shekara goma sha ɗaya Yakuba ya yi a Saga, can ya yi aure. Sau ɗaya ya haɗu da Mushe Alu ido da ido, wurin wani taron malamai, ya ba shi labarin duka. Mutumin ya shafa kumatunsa, ya ce, "Ka gaishe min da tsohuwar. Ka ce mata kullum safiya jikokinta na zaune a ƙasa gaban ubangidansu."

Yakuba ya kai saƙon. Zeinabu ta ce a tambaye shi wa ke da makunnin akwatin.