Gululun Uwata Ya Tsaya a Kanvili

Uwata ta zo Tamale daga ƙasar Damagaram tana budurwa, kuma ba ta sake komawa ba. Kaɗi ne sana'arta, masaƙa har ƙofar gida suke zuwa sayen zarenta. Da ta rasu, abin da ya zo hannuna cikin kayanta gululu ne guda ɗaya, ɗan dunƙulen yumɓun nan da ake sa wa mazari don ya yi nauyi ya juya. Baƙi ne, gefe guda ya ɓare. Har ta mutu tana cewa da za ta samu hanya, ko da ƙafa ne sai ta je ta ga garinsu. Ni ma ban taɓa zuwa ba.

Babban ɗana direba ne, a lokacin yana kai Turawa kallon giwaye. A wurinsu ya koyo wani wasa. Mutum zai ɓoye gwangwani a gindin itace, ya sa wurin a waya, wani ya bi waya ya gano. A cikin gwangwanin akan bar wani ƙaramin abu da aka ɗaura wa ƙarfe mai lamba, a faɗi garin da ake so ya je. Wanda ya samu ya kai shi gaba, ya sa a wani gwangwanin, har ya isa. Na ce masa wannan aikin waɗanda suka ƙoshi ne.

Wata rana ya ce, "Mma, ki ba ni gululun kaka mu aika shi Damagaram."

"Wa zai kai?"

"Mutane. Wannan ya ɗauka, wancan ya ƙara gaba."

"Ka san iyayensu?"

Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Amma a shekarar gwiwoyina sun fara ƙin hawa mota, na san tafiyar nan ba tawa ba ce. Sai na kwance gululun daga bakin zane na ba shi.

Tare muka je, don ba na ba da kaya ban ga inda aka ajiye ba. Gindin wata ɗorawa ce a ƙarshen unguwar Kukuo, bayan gonakin masara. Ya sa shi a gwangwanin da ke wurin, ya rufe da dutse. Ba a daɗe ba ya zo da murna, wai waya ta nuna wani ya ɗauka.

Daga nan shiru. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. A ƙa'idar wasan, in ji ɗana, ba a riƙe abu ya daɗe a hannun mutum. Yakan aika wa wanda ya ɗauka saƙo cikin ladabi, shi kuma ya amsa cikin ladabi: yana nan lafiya, kada a damu. Na ce ban tambayi lafiyarsa ba, gululu ba ya zazzaɓi. Na matsa har ɗana ya gano shi. Mai gyaran waya ne a unguwar Kanvili.

Muka same shi a shago da hantsi, dattijo mai furfura a gemu. Ya ba ni kujerarsa, ya aika a sayo mini ruwan leda. Sannan ya buɗe akwati da makulli, ya fito da farin ƙyalle, ya warware. Ga gululun uwata, har da ƙamshin turare.

"Malam," na ce, "tafiya aka aike shi, ba kwana ba."

"Na sani, Mma. Na karanta abin da ɗanki ya rubuta a kansa. Kayan mamaciya ne. In ɗauki amanar mutane in tura a rami, in juya baya?"

"Ai haka ake wasan," in ji ɗana.

"Kai, manya na magana," na ce.

Mutumin ya ce ya gwada. Ya hau babur ya bi hanyar arewa neman gwangwani na gaba. Ɗaya wutar daji ta cinye, ɗaya yara sun fasa sun bar murfi. Sai ya dawo da shi. Tun daga lokacin yake neman wanda zai damƙa wa hannu da hannu. Ya taɓa samun direban motar albasa, irin masu zuwa daga can arewa, da ya ce zai kai.

"To me ya hana?"

"Na kalli idonsa, Mma. Ko ragowar biredi ba zan ba shi ajiya ba."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sauke. Abin da ya yi, shi uwata za ta yi. Na ce ya ba ni kayana. Ya miƙo da hannu biyu, har da ƙyallen.

Na ce wa ɗana mu koma Kukuo mu mayar, ko Allah zai kawo wani mai ƙarancin tsoro. Da muka isa, babu ɗorawa, babu masara. An yanka filin, an ja katangar bulo, wani kare na haushinmu ta ƙarƙashin ƙofa. Ɗana ya ce akwai gwangwanaye can kudu a Accra. Na ce uwata daga arewa ta fito. Ya ce to wani Bature zai iya ɗauka, amma ƙila ya fara kai shi ƙasarsu. Na ƙulle gululun a bakin zane, muka koma gida.

Yanzu ɗana ya bar ɗaukar Turawa, siminti yake ɗauka, wasan ma ya fita ransa. Gululun yana rataye a ƙusa bisa gadona, da ƙarfensa mai lamba. Ranar da gwiwa ta yarda nakan je inda ake sauke albasa, in zauna a inuwa, ina duban fuskokin direbobi ɗaya bayan ɗaya. Wasu har sun san ni, suna gaishe ni. Ban ga wanda zan ba ba.