Shayar da Batura

Shekarar da Baba ya sa mana sola a gidanmu na Damba, ni ya damƙa wa kula da batura. Yayyena maza uku suna zaune ya tsallake su, saboda ni kaɗai na karanta takardar da ta zo cikin kwalin tun daga bango har bango. Ban taɓa riƙe wani abu a gidan ba sai littafi, don haka na ɗauki aikin da girma, watakila fiye da yadda shi Baban ya nufa.

Batura huɗu ne manya, masu shan ruwa, an jera su a barandar ɗakin baƙi. Dokokinsu kaɗan ne. Kada a bari cajinsu ya yi ƙasa sosai, a riƙa goge kawunansu, kuma ba a zuba musu kowane ruwa sai tataccen ruwan batir, shi ma iya layin da aka zana. Duk Juma'a da hantsi nakan buɗe murafen, in leƙa, in ɗiga wa mai buƙata da sirinji.

Ana haka Baffa, yayan Baba, ya zo daga Wanke don a yi masa aikin ido, aka sauke shi a ɗakin baƙi. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa cikin shanu da tumaki, zaman banza yana ba shi ciwon kai. Juma'ar farko ya tsaya a kaina da ido ɗaya a rufe da auduga, yana kallon sirinjin.

"Ke ɗiya, mi kike ba su haka?"

"Ruwa ne, Baffa."

"Wanga ɗan ɗigon? Cikin zafin ga na Gusau? Ko ɗan akuyan da anka haifa jiya ya fi ƙarfin wanga."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai, wanda shi ne amsata ga kusan kowace tambaya a duniya.

Daga makon nan ruwan baturan ya daina raguwa. Na ji daɗi ƙwarai. Na ɗauka kulawata ce ta kai matsayin da batir ma ya daina jin ƙishi, har na fara tunanin ko masu rubuta takardar ba su taɓa haɗuwa da mai tsantseni irina ba. Da farin gari ya fara taruwa a kawunansu, na goge. Da simintin ƙarƙashinsu ya fara cinyewa, na zargi magini.

Wata safiya na fito da wuri, sai ga Baffa a tsugune da butarsa, ya buɗe murafen duka. Ruwan da ke cikin butar na rijiyarmu ne, mai ɗanɗanon kanwa, wanda ko shayi ba ma dafawa da shi. Yana ɗura wa kowane rami har ya tumbatsa, yana cewa, "Sha, bawan Allah, sha." Ya ɗago ya gan ni.

"Kada ki damu, ba ni gaya ma babanki. Ke dai yi karatunki."

Na san abin da gishirin ruwan nan yake yi wa farantan ciki, na san shafin da aka yi bayaninsa. Abin da na ce shi ne, "Sannu da aiki, Baffa."

Na gwada dabaru irin na marasa baki. Na ɗaure murafen tamau, ya kwance su da hannun da ya saba kayar da bijimi. Na rubuta gargaɗi da kyakkyawan rubutu na manna a bango, ga mutumin da aka yi wa aikin ido, wanda ko da idon ma ajami yake karantawa. Na faɗa wa Inna, ta ce, "Yayan ubanki? Ni ban ji ba, ke ma ba ki faɗa ba."

Kafin a gama duba idon, fanka ta fara tsayawa tun kafin la'asar idan hadari ya rufe rana, inbata, na'urar da ke juya wutar baturan zuwa ta gida, tana ta ƙara. Baba ya kira mai gyara. Ya zo da abin awonsa, ya zuƙo ruwan ramukan da shi ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai.

"Alhaji, waɗannan an kashe su da ruwan banza. Wa ke kula da su?"

Duk gidan suna tsaye a barandar, har yayyena, waɗanda ban taɓa ganin sun zo wurin da sauri haka ba. Baba ya dube ni. Na dubi yatsun ƙafata na ce, "Ni ce."

Sai Baffa ya shiga tsakani don ya cece ni.

"Kai, yi mata haƙuri, yarinya ce. Rowar ruwa kawai gare ta. Ni da kaina nike bin bayanta kullum da safe ina cika su daga rijiya. Ba don haka ba, da tuni sun mutu."

Mai gyara ya kama tari, ya juya yana neman wani abu cikin jakarsa. Ni kuwa na ɗan ɗago, ina jiran in ga yadda Baba, namiji mai gemu, mai shago biyu a kasuwa, zai faɗi abin da na kasa faɗa. Baba ya daɗe yana kallon baturan. Ya gyara hularsa.

"Allah ya saka da alheri, Yaya. An gode da ƙoƙari."

"Ba komai, ai yi wa kai ne."

Biyu daga cikin baturan ba su tashi ba. Ranar da aka kawo madadinsu, Baba ya ce likita ya hana Baffa sunkuyawa saboda idon, maganar da ban ji likitan ya yi ba, alhali ni nake raka shi asibiti. Ya sa yayyena suka kinkimi baturan huɗu suka shigar da su cikin gida, suka jera a inuwar da ke bakin ƙofar ɗakina.