Tafkin da aka nema wa mai shi

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko, aka fara gayyata ta taruka a Dogonduci. Tsohon mushe, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a wajenmu, yana da amfani wajen cika kujera, ga furfura mai kyau a hoto. A irin wannan gayyata na haɗu da 'yan ƙungiyar nan masu wa'azin a sakar wa kasuwa mara. Samari ne daga Yamai, sun sha kwat cikin zafin bazara, kuma wata gidauniya ta wani attajirin ƙasar waje ke ɗaukar nauyinsu. An ce mutumin ya mutu tuntuni, dukiyarsa ce ke yawo tana neman masu maimaita ra'ayinsa. Ta kuwa same su, har da mota kat-kat mai ratsa daji.

Darasin ranar shi ne duk abin da ba shi da mai shi lalacewa yake. Babbansu ya haska mana hoton wani tafki a bango, ya ce ga misali, dabbobi na tattake shi, ba mai kula. Ina kallo na gane tafkin ƙauyenmu ne, can hanyar Dogon Kiriya. Wato sun tsaya, sun ɗauki hoto ta tagar mota, sun wuce. Na ɗaga hannu, aka ce lokacin shan shayi ya yi.

Abin ya dame ni saboda shanuna. Tun zamanin kakana, wani gidan Fulani ke riƙe mana su, su sha nono, mu samu 'yan maruƙa, kuma a wannan tafki suke shayarwa duk rani. Mai gidan na yanzu sa'ana ne, tare muka tashi. Da na kai masa labari dariya ya yi, ya kira ni da sunan ƙabilarmu yadda ya saba tsokanata.

"Kai Ba'are, boko ya ƙarasa ka. Wa ka sayen ruwan sama?"

Ni ma na so in yi dariyar, amma na ga idon masu kuɗin da suka zauna a sahun gaba ranar taron.

Samarin suka yi ta zarya, suna kwana a otal, suna kai takardu ofis-ofis. Ba su taɓa zama da makiyayi ko ɗaya ba, don warin shanu ba ya cikin tsarin aikinsu. Kafin damina biyu aka ba wani ɗan kasuwa hayar tafkin. Ya zagaye shi da waya, ya sa ƙofa da mai gadi, kowace saniya sai an biya mata kafin ta sa baki. Suka dawo da mai kyamara, suka jeru gaban wayar suna murmushi kamar masu biki. Na tsane su a ranar, kuma har yau ban huce ba.

Abokina ya daure rani guda yana kai garken wata rijiya mai nisa wajen Sukukutane. Shanu suka rame, ƙanana suka fara faɗuwa a hanya. Wata safiya sai ga shi a ƙofar gidana a Dogonduci, ya koro nawa daga cikin garke.

"Mushe, ga amanarka. Mu mun tashi, gabas muka tahiya."

"Haba, ka tahi da su mana. Ni ina zan kai su cikin gari?"

"Inda muka zuwa ban san ko muna komowa ba. Ba ni son in mutu da dukiyar wani a hannuna."

Ko ruwa bai tsaya sha ba. Na bi shi da ido har ya sha kwana.

Gidana ba fili, ba harawa, ni kuma gwiwa ta ƙi. Ranar kasuwa na sa aka ja su zuwa kara, har da jar saniyar da ta fito daga tsatson ta mahaifina. Ramammu ne, ba wanda ya taya da daraja sai dillali ɗaya. Bayan an gama ciniki na tambaye shi wa yake saya wa. Ya ce mai tafki ne, shi da ruwa bai yi wa wuya.