Kwamfutoci Goma Sha Takwas na Mai Agwagwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, da hantsi aka bugo mini waya cewa Allah Ya yi wa mai kula da kwamfutocin ɗakin karatunmu rasuwa, wanda kowa ya sani da Mai Agwagwa. Ciwon ƙirji ne na kwana biyu. Ina tsaye a bakin kantar littattafai da makullin ɗakinsa a hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Ƙanena, bari in yi maka magana yadda muka saba. Ni na laƙaba maka sunan nan, ranar da na ga hoton wani tsuntsu mai baƙi da fari da ka manna a jikin kowace kwamfuta. Na ce, "Wannan agwagwar fa?" Ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ce, "Yaya, alamar manhajar da ba ta da maigida ce. Kowa na iya ɗauka kyauta, ya buɗe cikinta, ya gyara, ya ba wani."

Shekara shida da suka wuce, kwamfutoci goma sha takwas na jibge a sito, domin sabuwar manhajar babban kamfanin da kowa ya saba da ita ta ƙi hawa kansu, wai sun tsufa. Kai ka kwaso su ɗaya bayan ɗaya, ka kakkaɓe su da tsohon buroshin haƙori, ka sa musu ta kyautar. Duk suka tashi. A kansu masu neman aiki suka riƙa cike takardu. Tsohon direban nan da ke tsoron taɓa linzamin kwamfuta, mako uku ka zauna kusa da shi, har ya rubuta wa 'yarsa saƙo da hannunsa.

Kana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi. Duk gyaran da ka yi sai ka rubuta shi a littafi mai jan bango, sannan ka sake ɓata abin da gangan, ka naɗe hannu ka ce in gyara. Ni da furfurata! In na yi mita sai ka ce, "Yaya, abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani, tare ake binne su."

Bara aka kawo mana sabon Darakta. Sau ɗaya ya zauna a gaban kwamfutarka. Ya nemi maɓallin da ya saba dannawa, bai gan shi a inda ya saba ba, ya miƙe ya ce wannan ba ta mutane ba ce. Ya ba da umarni a kwashe su, a kawo sababbi huɗu masu manhajar kamfani. Huɗu, a ɗakin da ake bin layi a kan goma sha takwas. Hujjarsa wai kai kaɗai ka iya su. Wasiƙa uku ka rubuta masa. Ka roƙe shi ya sauko bene ɗaya tak ya ga na yi gyara da hannuna, ya ce ba shi da lokaci. An ce rashin sani ya fi dare duhu, to ni na ga wanda ya fi shi: ƙin sani.

Daraktan ya zo gaisuwar rasuwarka. A gaban mahaifiyarka ya sunkuyar da kai ya ce kai ne hannun damansa. Washegari na tarar da takarda manne a ƙofar ɗakinka, motar 'yan gwangwan za ta zo kwashe kwamfutocin ranar Litinin. Raina ya ɓaci, har yanzu bai huce ba, kuma ba zan ɓoye don ana makoki ba.

Jiya kwamfuta ta bakwai ta ƙi tashi. Na buɗe jan littafin, na bi rubutunka layi-layi. Ta tashi. Na juya in yi maka gori, sai kujerarka da tsohon buroshin a kanta.

Ba ni da ikon hana mota shigowa. Amma ranar Litinin zan riga kowa zuwa, in kunna su duka goma sha takwas. Duk wanda zai kai su bola, sai ya kashe su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, yana ganin suna aiki.

Allah Ya jiƙanka, ƙanena, Ya haskaka kabarinka, Ya sa ilimin da ka ƙi ɓoyewa ya bi ka. Mahaifiyarka da maiɗakinka da 'ya'yanka mata biyu, Allah Ya ba su haƙurin wannan rashi. Mu kuma, in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.